Keken jinrikisha a Asakusa: ya ci kuɗinsa, amma ba ya shiga haikali

Da zarar ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Asakusa a Tokyo, tun kafin ka kai Kaminarimon, ƙofar waje ta haikalin Sensoji, za ka ga samari, har da 'yan mata, cikin baƙaƙen kaya da takalman da suka ware babban yatsa daban. Su ne masu jan jinrikisha, keke mai ƙafa biyu da mutum ke ja da ƙarfinsa. Ni da uwargida mun ɗauki na rabin awa, kuma ina ba duk mai zuwa shawarar ya hau.

Da farko zuciyata ba ta kwanta da a ce ɗan Adam ne zai ja ni ba. Saurayin da ya ɗauke mu ne ya kawar mini da wannan damuwar. Ya ajiye ɗan matakala muka taka, ya lulluɓe mana gwiwa da jan bargo, sannan ya ɗaga sandunan a hankali har kujerar ta kwanta baya. Yana gudu yana waiwaye yana ba mu labari da Turancin da ake ganewa, ko haki ba ya yi. Sana'a ce da yake alfahari da ita, kuma ya san unguwar kamar tafin hannunsa.

Iliminsa shi ne abin da ka biya. A bakinsa na ji cewa a shekarar 628 ne, kamar yadda ake ba da labari, wasu 'yan'uwa biyu masunta suka ciro gunkin Kannon, abar bautar mabiya addinin Buda, daga kogin Sumida, aka kafa haikalin Sensoji a 645, wanda ya fi kowane tsufa a Tokyo. Babban ɗakin haikalin da ake gani yau kuwa sabo ne: ruwan bama-baman Amurka ya ƙone na da a watan Maris na 1945, aka sake gina shi a 1958. Ita ma Kaminarimon, mai ƙatuwar jar fitila, a 1960 aka sake tayar da ita da kuɗin Konosuke Matsushita, wanda ya kafa Panasonic. Ya bi da mu ta lungunan baya, ta gefen Hanayashiki, wurin wasa da ke nan tun 1853, sannan ya tsaya daidai inda hasumiyar Skytree mai tsawon mita 634 ke leƙowa tsakanin gidaje, ya karɓi wayata ya ɗauke mu hoto a durƙushe.

Ga inda nake so a kula. Keken ba ya shiga Nakamise, layin shagunan nan mai tsawon kusan mita 250 da ke kaiwa ga haikalin, ba ya kuma shiga harabar. Wannan da ƙafarka za ka taka, cikin cinkoso irin na kasuwar jajibirin Sallah. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, kuma rabin awa kafin ka ankara ta wuce. Wanda aljihunsa ya yarda, ya ɗauki na awa guda.

Abin da ya fi burge uwargida shi ne da ta tambaye shi abincin halal bai yi kame-kame ba. Ya gaya mana cewa miyar waken soya da mirin (wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa), da ake zubawa a yawancin kayan ciye-ciyen wurin, kan ƙunshi barasa, mu riƙa tambaya kafin mu saya. Ya kuma kwatanta mana inda masallacin unguwar yake.

Ku je da safe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Idan kun sauka, ku tsallaka titi zuwa ofishin ba baƙi bayani da ke fuskantar Kaminarimon, ku hau hawa na 8. Kyauta ne, kuma daga can ana ganin rufin Nakamise a miƙe har zuwa Hozomon, ƙofar ciki ta haikalin.