Kwano ko Gilashin Zum: Wanne Ya Fi Jefa Haske Nesa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana kwana a gonar masara ta wajen Ejura, kana son tocilar da za ta nuna maka abin da ke motsi a can ƙarshen gona, kuɗinka kuma ba su da yawa, shi ya sa kake son ka haɗa da hannunka. Ka tambaya ko ka bi ta kwano mai sheƙi irin na tocilar da muka saba, ko ta gilashin nan mai tudu da ake cewa zum. Na haɗa duka biyun a ɗakina na Aboabo a Kumasi, ga abin da na gani.

Kafin komai, ka cire ranka daga lumen ɗin da ake bugawa a jikin kwali. Lumen yawan hasken ne gaba ɗaya, kamar ruwan da ke cikin bokiti. Abin da ke kai haske nesa sunansa kandela, wato yadda aka matse hasken ya bi hanya ɗaya, kamar ka toshe bakin tiyo da yatsa. Akwai ƙa'idar awo da masu ƙera tocila suka fitar a Amurka a 2009, ANSI FL1, wadda ta ce nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya kai luks 0.25 (luks ma'aunin hasken da ya sauka a kan abu ne), kusan hasken farin wata a daren sha huɗu. A wannan lissafi kandela 40,000 tana kai mita 400, amma kafin ka kai mita 800 sai ka samu 160,000. Ninka nisa sau biyu yana cin ƙarfi sau huɗu. Kuma haske irin na farin wata daga nesa ba ya isa ka bambance saniya da kututture, don haka ni rabin abin da aka rubuta nake ɗauka a matsayin nisan aiki.

Abu biyu ne ke ba da kandela: faɗin kan tocila da ƙanƙantar ƙwan LED mai tsananin haske. Ka ninka faɗin kai sau biyu da ƙwai iri ɗaya, nisa ma zai ninku kusan sau biyu. Babban ƙwai irin XHP70 yana cika fili da haske amma ba ya tafiya nesa a ƙaramin kai. Wannan ya shafi kwano da gilashi duka.

Gilashin zum shi ya fi burge mutum a daren farko. Idan ka ja shi har ƙarshe, hasken yana fita siriri kamar sanda, ya sauka a bango da kusurwa huɗu, domin hoton ƙwan ne da kansa gilashin ke jefawa. Ga arha, ga sauƙin haɗi, har gilashin tsohuwar fitilar mota ana iya sa wa a bututu. Sai dai in ka matse shi, gilashin yana nisa da ƙwai, kaso mai yawa na hasken yana faɗawa bangon ciki ya mutu a can, batir kuwa yana ta ci. Kan da ke zamewa gaba da baya yana zuƙo ƙura da damshi duk lokacin da ka ja shi, kuma zafi ba ya samun hanyar fita sosai. Wanda ya fi damuna shi ne ba ya barin ko ɗigon haske a gefe. Kana hango mita ɗaruruwa, amma ƙafarka tana cikin duhu. A gona, inda kasa ke kwanciya a hanya ba ta gudu, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Kwano kuwa haske biyu yake ba ka a lokaci guda: tsakiya mai ƙarfi da ke tafiya nesa, da wani mai laushi a kewaye da ke nuna maka inda za ka taka. Babu abin da ke motsi a jikinsa, robar da ke toshe bakinsa tana hana ruwan sama shiga. Sharaɗin shi ne ya zama mai zurfi kuma sumul kamar madubi. Akwai wanda cikinsa ke da gurji-gurji kamar ɓawon lemu, wannan yana gyara kyan haske amma yana rage nisa, ka bar shi. Kada ka taɓa goge cikin kwano da tsumma ko yatsa, fentin azurfar nan ba ya jurewa, hura masa iska kawai ake yi.

Da ni ne kai, gangar tocila mai kwano ta Convoy C8+ zan nema, wadda ake sayarwa babu ƙwai a ciki. Faɗin kanta kusan milimita 44 ne, batir ɗaya take ci irin mai caji da ake kira 18650, tana shiga aljihun riga. A wajen ƙwai ma akwai zaɓi biyu. Osram CSLNM1, wanda ake kira W1, faɗin fuskarsa murabba'in milimita 1 ne kacal. Haskensa bai kai lumen 1000 ba, amma ya fi kowa tsini. Kada ka ba shi wuta fiye da amp 5, in ka matsa masa sai ka ga haskensa ya koma shuɗi, alamar yana ƙonewa ke nan. Luminus SFT40 ya ninka shi faɗi kusan sau huɗu, yana ɗaukar wuta fiye da shi, yana ba da kusan lumen 2000. Nisansa ya ɗan gaza amma abin da yake haskawa ya fi faɗi. Mai neman ɓatacciyar dabba ko ɓarawon masara ya fi buƙatar faɗin nan, don haka SFT40 nake ba ka shawara.

Wurin haɗi ne aiki ke lalacewa. Ƙwan ya zauna a faranti na jan ƙarfe, ka shafa man ɗauke zafi siriri a ƙarƙashinsa, ka danne shi da kyau. Ƙaramar robar da ke zaunar da ƙwai a tsakiyar kwano, duk da ba ta kai farce girma ba, ita ce ke yanke hukunci: in ƙwan ya karkace ko ya nutse da rabin milimita, sai rami mai duhu ya fito a tsakiyar haske. Na kwana uku ina goga tawa a takardar yashi kafin ta zauna. Wajen liƙa waya kuma ka kwantar da dalmar, kada ta yi tudu ta taɓa gindin kwano ta haɗa wuta. In kana son kai mai girma nan gaba, masu injin feƙe ƙarfe na Suame Magazine za su yanka maka zobe a alminiyam.

Batir kuma, na gaske a girman 18650 yana tsayawa ne wajen 3500mAh, wato yawan wutar da yake iya riƙewa. Na taɓa sayen wanda aka rubuta wa 9900mAh a wani shago, na ɗauke shi na ji ba nauyi, bai yi minti ashirin ba ya mutu. Samsung 30Q mai 3000mAh ya ishe ka. Caji ya tsaya a bolt 4.2, kuma duk wanda ledar jikinsa ta yage kada ya shiga tocila sai an sake masa riga.

Idan hunturu ya shigo, hazo zai riƙa mayar maka da haske a ido. Ka riƙe tocilar a ƙasa wajen ƙugu, nesa da fuskarka, za ka fi gani. In kuma ka shigo Kumasi za ka gwada ta a nan unguwa, filin jirgin Prempeh I yana maƙwabtaka da mu, kada ka ɗaga ta sama, bangon gini za mu haska.