Rumfar abincin bayan gadar Wudil, in kina tafe da ƙaramin yaro

Masu bin hanyar Kano zuwa Birnin Kudu, akwai wata rumfar abinci a Wudil, da an tsallake gada, inda nake yada zango tun da na yaye Ummi. Ba ta da allon suna, mai wajen kowa Hajiya yake ce mata.

Abin da ya riƙe ni tabarma ce. An shimfiɗa wa mata daga ciki, nesa da murhu, ba sai kin ɗora yarinya a benci hankalinki na tashe ba. Tuwon shinkafarsu da laushi, miyar kuka kuma ba sa zuba mata yaji a tukunya, daban ake kawo shi. Duk uwa ta san darajar wannan. Da Hajiya ta ga Ummi na ture cokali sai ta ce, "'Yata, ƙyale ta ta ci da hannu," ta aiko da buta da sabulu.

Kifin Wudil ba a magana, amma ga ƙaya, sai kin zauna kin tsince mata, direba kuwa na ta danna hon. Ruwa ki zo da naki, ban yarda da na randa ga yaro ba. Banɗaki dai sai haƙuri.

Ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu sun cika titi, ga ƙura, ga ƙuda, ga jira. Ranar gara ki miƙa kula a zuba miki, ku ci a mota.