Soyayyen karas a leda: na ɗanɗana na Tyrrells

Sai da na zo karatu Ingila na san ana yanka karas siriri a soya shi har ya yi ƙarmas-ƙarmas kamar ƙanzo. Wata maƙwabciyata ce ta miƙo min ledar Tyrrells. Na buɗe ina tsammanin dankalin Turawa, sai na ga launi uku: ja wur, ruwan goro, da wani fari-fari mai ratsin ƙuna a gefe.

Jan shi ne bitrut, wata dunƙulalliyar jar saiwa, yana da zaƙi da ɗan ƙamshin ƙasa, irin na bayan yayyafin farko. Farin kuwa fasnif ne, wata saiwa mai kama da karas, kuma shi na fi so. Zaƙinsa ya tuna min da gasasshen dankalin Hausa. Karas ɗin yakan nannaɗe ya ƙanƙance, a gindin leda ake tarar da shi. Gishiri kaɗan ne kawai, ba yaji. Ni dai da an barbaɗa ɗan yajin ƙuli da ban ƙi ba.

Kamfanin a gona aka haife shi. William Chase, manomin dankali a gundumar Herefordshire ta Ingila, shi ya kafa shi a 2002, bayan ya gaji da yadda manyan kantuna ke tsince dankalinsa suna ƙin wanda bai yi kyan gani ba. Ya sayar da shi a 2008, tun 2018 kuma yana hannun KP Snacks, wani kamfanin kayan ƙwalama.

Da na ga abin kamar ba wuya, na ce bari in gwada a ɗaki. Na yanka karas biyu, na zuba a mai mai zafi yadda nake soya dankali. Kafin in ɗauko matsami gefe ya yi baƙi, tsakiya kuma laɓo-laɓo. Ashe sukarin da ke cikin waɗannan saiwoyi ya fi na dankali yawa, sai su ƙone tun ruwan jikinsu bai tsane ba. Aikin masu sana'ar ke nan kafin su fito da sabon kaya: su zaɓi irin da za a shuka, su daidaita kaurin yanka, su rage zafin mai, kowace saiwa da nata lokacin.

Zan sake saya. Amma kar sunan kayan lambu ya ruɗe ku, suya suya ce, yatsu sukan yi maiƙo. Nawa ƙonannen karas ɗin kuma, ko tantabarun bakin taga ba su kula shi ba.