Iskar Kumasi da ake saye da kuɗi a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa lafiya, da Hajiya da yara da mutanen Aboabo baki ɗaya. Saƙonka na murya ya iso. Ka ce yaronka ya hana ka sakat sai na aiko masa da fitilar ɗumama irin wadda ya gani a intanet, saboda 'yar mesar da wani maharbi ya ba shi. Don Allah kada ka tsawata masa, niyyarsa mai kyau ce. Amma fitilar kam ba zan aiko ba, sai ka karanta masa dalili.

Shekarata ta huɗu ke nan a shagon sayar da dabbobin gida a Dortmund, kuma ɓangaren masu jan ciki aka ba ni. Yawancin macizan da nake canza wa ruwa kowace safiya asalinsu na yankinmu ne: ƙaramar mesar nan da ke naɗe kanta kamar gammo, ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, kuma takan yi shekara 20 zuwa 30 idan ta sami kulawa. Ghana da Togo da Benin su ne kan gaba wajen fitar da ita zuwa Turai da Amurka. A garin Hamm, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba, ana cin kasuwar masu jan ciki mai suna Terraristika, mutane suna zuwa daga ƙasashe daban-daban. Ranar da na fara shiga na ga abin da manomanmu ke tonowa a ramin ɓera an jera shi a kan tebur ana ciniki da Yuro, sai da na tsaya na daɗe ina kallo.

Ga inda wahalar mutanen nan take. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai abin da wurin zamansa ya ba shi. Wannan mesar tana son gefe ɗaya na akwatinta ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 26, ta riƙa kai-komo tsakaninsu yadda jikinta ya buƙata. Tana kuma son danshin iska kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, ya ɗan haura haka lokacin saɓa. To zafi da danshi a ƙasar sanyi kishiyoyin juna ne. Iskar da ke digiri 0 ba ta iya riƙe tururin ruwa fiye da kamar giram 5 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, amma a digiri 30 tana riƙe wajen giram 30. Idan ka ɗauki iskar Janairu ta nan ka ɗumama ta, ruwan cikinta bai ƙaru ba, cikinta ne ya buɗe, sai ta shiga zuƙar danshi daga duk abin da ta samu: shimfiɗar akwati, kwanon ruwa, har fatar macijin. Ka san yadda leɓe ke tsagewa a hunturu, a yi ta shafa man kaɗanya? Haka cikin gidajen nan yake daga Nuwamba har Maris, saboda hita da ke aiki dare da rana.

Kayan da ake sayarwa don wannan yaƙin ba su ƙidayuwa. Akwai kwan fitila mai zafi, akwai na tangaran da ke ba da zafi ba haske don dare, akwai tabarmar lantarki da ake liƙawa a ƙarƙashin akwati, akwai faifan da ake ɗaurawa a rufi yana sakin zafi a hankali. Kwan tangaran ya fi kowa busar da iska, musamman idan murfin akwatin raga ne, don iska mai ɗumi sama take yi, ta fice da danshin. Shi ya sa nake ce wa masu saye su rufe mafi yawan ragar, ko su bar akwatin gilashi su sayi na roba mai kauri da 'yan ƙofofin iska a gefe. Kuma duk abin da zai ba da zafi, sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka ce. Bara wata mata ta kawo mana mesarta a cikin rigar matashin kai. Da na juya ta, sai na ga cikinta ya yi ja, ɓawon fatar ya tashi kamar inda ruwan zafi ya zuba. Tabarmar lantarki ta sa ba tare da wannan na'urar ba, ita kuwa dabbar ta kwanta a kai ba ta gusa ba har ta ƙone. Matar tana kuka, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai. Alhamdu lillahi, a nan akwai likitocin dabbobi da suka ƙware a kan masu jan ciki, ta warke bayan saɓa uku, amma tabon yana nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓawon kwakwa. Shi ne shimfiɗar da ta fi riƙe danshi ba tare da saurin ruɓewa ba. Ana kawo shi daga Indiya da Siri Lanka, an niƙa, an matse kamar bulo, an naɗe a leda. Ka jiƙa bulo ɗaya a bokiti, ya kumbura ya cika shi. Duk sanda na yanka ledar nakan tuna masu tura baron kwakwa a Kejetia da Alabar, da tsibin ɓawon da suke bari a bakin kwata da yamma, sai an biya wani ya kwashe. Da a ce wani a Zango zai wanke shi, ya shanya, ya sare shi ƙanana, wallahi kaya ne. Mukan zuba ruwa a kusurwoyin akwati ya jiƙa ƙasan shimfiɗar, saman ya kasance a bushe, don idan maciji ya daɗe kwance a kan jiƙaƙƙen abu fatar cikinsa takan ruɓe. Abinci kuwa ɓeraye ne daskararru a firji, kowane da girmansa a rubuce. Wutar lantarki ba ta ɗaukewa, amma tsadarta tana cikin mafi tsanani a Turai.

Yanzu dubi ɗakin yaronka. Abin da mutanen nan ke kashe kuɗi suna haɗawa, Kumasi ta ba shi kyauta: rana wajen digiri 30, dare ashirin da 'yan kai, danshi har ya yi yawa da damina. Idan ya ƙara fitila a ƙarƙashin rufin kwano a watan Maris, dafa ta zai yi, don zafin da ya wuce digiri 35 yana iya kashe ta. Kada ya ajiye akwatin inda rana ke bugawa ta taga, kada kuma ya kai shi ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Ya samo ƙaramar tukunyar ƙasa ya fasa mata ƙofa ya kifa, ta zama maɓoyarta, don a daji ma cikin rami da tsohon suri take wuni. Ya sa kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Da damina iska yake buƙata ta riƙa ratsawa, kada fumfuna ta kama shimfiɗar.

Disamba zuwa Fabrairu ne kawai zai ɗanɗana irin tamu. Idan hazo ya sauko, ya lura da idonta. Da ya ga ya yi fari-fari kamar an shafa madara, saɓa ta kusa. Sai ya jiƙa ɓawon kwakwa ya matse ya zuba a cikin tukunyar. Zanen ya kamata ya fita gaba ɗaya kamar safa. In ya fita gutsi-gutsi, ko ya maƙale a ido da bakin wutsiya, danshi ne ya gaza, kuma kada ya sa farce ya ɓare.

Abu biyu kuma, Yaya. Dabbar nan tana cikin waɗanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, kuma a gida Ghana sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji ne ke ba da izinin kama ta ko riƙe ta, don haka ku je ku tambaya kafin maganar ta yi nisa. Sannan wadda aka kamo a daji takan ƙi cin abinci wata da watanni. In ya ga tana rama, ƙashin bayanta ya fito, ya nemi maharbin su mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Abin da na sa a jakar mai zuwa bayan Sallah shi ne ma'aunin zafi da danshi guda biyu masu aiki da batir, ɗaya a kowane gefen akwati, don ko an ɗauke wuta suna nan suna aiki. Ya riƙa rubuta abin da suka nuna safe da dare na mako biyu, ya turo mini ta WhatsApp. Akwai kuma maganin gwiwar Hajiya a ƙaramin aljihun jakar. A gaishe ta sosai, a ce ina neman addu'a.