Multiply ko Screen, wanne za ka sa wa hayaƙin nan?

Salam ƙanina, na ga tambayarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni a shago. Ka ce kana haɗa bidiyon biki a manhajar After Effects, ka ɗora kilip na hayaƙi da tartsatsin wuta mai baƙin bango a kan hoton amarya, ka sa Multiply sai komai ya koma baƙi ƙirin, wai shi da Screen ba abu ɗaya ba ne? Toh ba ɗaya ba ne, kishiyoyin juna ne ma, ko da yake dukkansu Mode ne, wato hanyar gauraya leyar sama (kilip ɗin da ka ɗora) da ta ƙasa.

Kowane ɗigo a hoto yana ɗauke da lamba, daga 0 wato baƙi har 255 wato fari. Multiply ninka lambar leyar sama da ta ƙasa yake yi ya raba da 255, kaga duk abin da aka ninka da 0 ai 0 ne, shi ya sa baƙin bangon nan ya cinye amaryar gaba ɗaya. Fari ne ke ɓacewa a wurin Multiply. Screen kuwa baƙi yake ɓatarwa ya bar mai haske. Ka haɗa ruwan toka biyu masu 128, Multiply zai ba ka 64, Screen ya ba ka 192. Ɗaya ba ya ƙara haske har abada, ɗayan ba ya ƙara duhu.

Saboda haka hayaƙinka Screen ne nasa, shi da wuta da duk wani walƙiya da ka sauko da shi a MP4 mai baƙin bango. Amma ka kula min da fuskar amarya don Allah, nan ne abin ke damuna. Screen ɗaga duhu yake yi, mu kuma fatarmu baƙa ce, in ka bar Opacity ɗin leyar, wato ƙarfin fitowarta, a 100 sai fuska ta yi furu-furu kamar wadda ta fito cikin hunturu ba ta shafa mai ba. Na taɓa yi wa wani gida a Nima aiki haka, a kwamfutata ya yi kyau, da suka kunna a babbar talabijin gaban dangi uwar amarya ta ce wannan ba 'yarta ba ce, wallahi sai da na sake renda a daren. Tun daga ranar nake rage shi zuwa 30 ko 40 in zagaye fuska da mask, wato shingen da zai hana hayaƙin hawa kanta. Kuma a kan farin leshi Screen ba ya nuna komai, fari ya riga ya kai ƙarshe, ka matsar da hayaƙin inda bango ke da duhu.

Multiply wurinsa daban, zanen lalle da ka yi da baƙin biro a farar takarda ka ɗauka da waya, takarda ta tafi zane ya zauna daram a kan hoto. Ko inuwa ƙarƙashin sunan ango da amarya. Sai dai takarda a kyamarar waya ba ta fita fari tas, za ka ga datti-datti, sa mata Levels, abin daidaita baƙi da fari, ka ja farin sai ya wanke. Haka ma baƙin MP4, in ka ga shacin akwati a gefen kilip bayan ka sa Screen, Levels ɗin ne za ka danne baƙin da shi.

Akwai Add, shi tara lambobi yake kai tsaye, 128 da 128 sun riga sun wuce 255, yana ƙona hoto da wuri, tartsatsi kaɗai nake ba shi.

In ba ka ga wurin Mode a jikin leya ba danna F4, sannan ka zaɓi leyar ka riƙe Shift kana danna + ko -, zai riƙa sauya maka su ɗaya bayan ɗaya kana gani da idonka. In kuma hayaƙin yana cikin pre-comp ne, wato leyoyin da aka dunƙule suka zama leya ɗaya, ka ga baƙin ya dawo, kunna Collapse Transformations, 'yar alamar nan mai kama da rana, ko ka sa Screen ɗin a kan pre-comp ɗin kansa. Gwada ka turo min kafin ka kai wa masu biki.