Wane Filoks Ne Ya Dace da Lambun Zariya?

Duk mai sha'awar furanni da ya taɓa ganin hoton filoks a jikin fakitin iri, da wuya bai ji yana son ya ga irinsa a tsakar gidansa ba. Fure ne mai kunnuwa biyar da ke fitowa dunƙule a kan reshe, akwai ja da fari da ruwan hoda da shunayya, sunansa kuma daga Girkanci yake, ma'anarsa harshen wuta. Sai dai sunan ya ƙunshi nau'o'i sama da 60, kusan dukkansu daga Arewacin Amurka, kuma ba kowannensu ne zai rayu a yanayinmu ba. Uku ne aka fi cin karo da su wajen masu sayar da iri a intanet, saboda haka tun kafin a biya kuɗi ya kamata a duba sunan Latin da ke jikin fakitin.

Na farko shi ne Phlox paniculata, dogon nan da ke kai mita ɗaya ko fiye, mai ƙamshi, wanda hotonsa ya fi jan hankali. A gabashin Amurka yana yin shekaru a wuri guda, domin samansa kan bushe a lokacin tsananin sanyi, saiwarsa ta huta a ƙasa, sannan ta sake tohowa. Sanyin hunturun Zariya, duk da yadda yake sa mu hura wuta da asuba, bai kai ya ba saiwar wannan hutu ba, ga zafin Maris da Afrilu na jiransa, ga kuma cutar da ke sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka, wadda take yawan kama shi. Ba na ba kowa shawarar sayensa. Haka ma Phlox subulata, mai yaɗo a ƙasa kamar darduma, ɗan ƙasar sanyi ne, kuma kuɗin da aka kashe a kansa a nan asara ce.

Wanda ya dace da mu shi ne Phlox drummondii, ɗan asalin jihar Tekzas ta Amurka, wanda aka raɗa wa sunan Thomas Drummond, masanin tsirrai ɗan Sikotilan da ya aika da irinsa Birtaniya a 1835. Rayuwarsa ta zango ɗaya ce: ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Wannan gajeriyar rayuwa ita ce amfaninsa gare mu, domin tana iya shiga tsakanin ɗaukewar ruwa da shigowar bazara. Masu lambu a Indiya sun daɗe suna shuka shi a matsayin furen lokacin sanyi, kuma dabarar tasu ta yi daidai da kalandarmu. Idan aka shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, yakan tsiro cikin mako biyu zuwa uku, ya fara fure wajen Janairu, ya ci gaba har zafi ya kankama. Wanda ya saya a watan Yuni da nufin ya mori damina, ruwan Agusta zai ruɓar masa da shi.

A cikinsa ma akwai zaɓi. Gajeren, mai tsawon santimita 15 zuwa 20, ya fi dacewa da tukunya da bakin fangali, kuma iskar hunturu ba ta kwantar da shi. Dogon, mai kaiwa santimita 45, ya fi kyau ga mai son yanka ya sa a kwalba a falo, amma yana bukatar wurin da katanga ta kare.

Tsakanin iri da dashe, ni iri na zaɓa. Ya fi arha, sannan wannan fure ba ya son a taɓa saiwarsa, don haka dashen da aka tumɓuko daga ƙasa yakan daɗe bai farfaɗo ba. Abin lura shi ne ranar da aka rubuta a fakitin, domin ƙarfin irin na raguwa da sauri, musamman idan ya sha zafi a kanti. A zaɓi fakiti mai rufi sosai, na shekarar nan, kuma a rufe irin da 'yar ƙasa kaɗan bayan an shuka, saboda a duhu yake tsirowa. Idan kuwa dole sai dashe, a ɗauki wanda ke cikin ledarsa, gajere mai kauri wanda bai fara fure ba.

Batun ruwa ne zai yanke hukunci tsakanin fangali da tukunya. Mazauna Samaru da Tudun Wada da cikin birni sun san yadda rijiyoyi ke ja da baya a rani, kuma filoks yana son danshi kullum ba tare da ruwa ya kwanta ba. Mai burtsatse zai iya yin fangali, ya cakuɗa jar ƙasarmu da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, ya bar tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakanin tsirrai. Mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa gara ya tsaya ga tukwane huɗu ko biyar masu huda a gindi, ya ajiye su inda hantsi ke samunsu, inuwa kuma ta rufe su bayan azahar. A zuba ruwa a gindi da safe, a tsinke kan tsiron idan ya kai santimita 10 domin ya yi rassa, a riƙa cire furen da ya bushe, a kuma killace wurin saboda awaki.

Wanda ke son fure duk shekara ba tare da wannan hidima ba, ya nemi furen Madagaska da masu sayar da fulawa ke kira feriwinkil. Shi ma kunnuwa biyar gare shi, yana jure zafin Afrilu, sai dai yana da guba idan aka ci, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi.