Taurari Huɗu ko Cikakken Benci a Gasar NHL

Tun 2005 gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda ake bugawa a Amurka da Kanada, ta ƙayyade iyakar jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, don haka dole manaja ya zaɓi inda zai zuba kuɗinsa. Ƙungiyar Toronto ta zaɓi taurari: a 2019 albashin 'yan wasanta huɗu, Matthews, Tavares, Marner da Nylander, ya cinye kusan rabin iyakar ta lokacin, wato rabin dala miliyan 81.5, aka cike sauran gurabe da masu araha, kuma har 2024 zagaye ɗaya kacal ta tsallake a wasannin neman kofi. St. Louis kuwa ta baza kuɗinta, babu ɗan wasan da albashinsa ya haura dala miliyan 7.5, ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a 2019. Ni tsarin St. Louis na fi yarda da shi, domin rauni ɗaya ba ya durƙusar da ƙungiyar.